An ɗaga Hilux ta kama karkarwa: yadda wayar hannu ke gano laifin farfela

Duk mai bin shafukan motoci a TikTok ko Instagram ya saba ganin akori-kurar nan da aka ɗaga sama, aka saka mata manyan tayoyi, tana keta laka da yashi kamar ba komai. Yawancin bidiyon daga Amurka da Ostireliya suke fitowa, inda ɗaga mota ya zama sana'a mai zaman kanta, da kamfanoninta da kayanta. A nan gida ma ana yi, sai dai dalilin ya sha bamban. Mai Hilux da ke shiga ƙauye da damina so yake cikin motarsa ya daina gugar ƙasa. Mai ɗaukar buhuna yana ƙara ganyen sifirin don kada bayan ya zauna. Wani kuma Tacoma ya saya wadda aka riga aka ɗaga tun daga can.

Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne abin da kan biyo baya. Mota ta fito daga gareji ta yi kyau, amma da an taka totur daga tsaye sai ƙasan kujera ya ɗauki kakkarwa. Ko kuma a hau babban titi, gudu ya kai 80, madubi ya fara rawa, wani gurnani ya riƙa tasowa daga ƙasa. A je a yi balansin taya, a biya kuɗi, babu canji. A sauya kuros, a samu sauƙin 'yan watanni, ya sake cinyewa.

Sau da yawa babu wani ƙarfe da ya lalace tun farko. Kusurwar da farfela ke juyawa a kanta ce ta sauya, kuma kusurwa aba ce da ake aunawa. Na'urar awon tana cikin aljihun kusan kowane matashi.

Aikin farfela da kuros

A akori-kura, inji da giyabos suna gaba, a ɗaure jikin shasi, wato ƙashin motar. Aksil ɗin baya kuwa yana rataye a kan sifirin, yana hawa yana sauka da kowane rami. Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfen da ke ɗaukar juyi daga giyabos ta kai wa aksil. Tunda ɗaya a tsaye yake ɗaya kuma yana motsi, dole a samu gaɓa mai lanƙwasa a kowane ƙarshe. Wannan gaɓar ita ce kuros: ƙarfe mai hannu huɗu kamar alamar tarawa, kowane hannu da murfinsa, a cikin murfin akwai 'yan sirararan allurai na ƙarfe da ke birgima cikin giris.

Dabarar tsohuwa ce. Ana danganta sunanta da Gerolamo Cardano, masanin lissafi ɗan Italiya na ƙarni na 16. A ƙarni na 17 Robert Hooke na Ingila ya yi nazarinta, ya lura da wani aibi da ke cikinta wanda har yau yana nan. A 1903 ne Clarence Spicer na Amurka ya samu rajistar mallakar nasa samfurin na motoci, kuma har gobe ana buga sunan Spicer a jikin kuros.

Aibin da Hooke ya gani shi ne, idan kuros ya lanƙwasa, ɓangaren da ake juyawa ba ya tafiya da gudu ɗaya. Ko da giyabos na juyawa daidai wa daida, farfela sai ta yi sauri ta rage, ta sake sauri ta sake ragewa, sau biyu a kowane zagaye. A kusurwar digiri 3, bambancin bai kai kashi 0.2 cikin 100 ba. A digiri 10 ya kai kashi 1.5 sama da ƙasa. A digiri 15 ya kai kusan kashi 3.5. Wato idan kusurwa ta ninka sau biyu, fizgar na ninkawa kusan sau huɗu.

To me ya sa motar da ta fito daga kamfani ba ta girgiza? Saboda kuros biyu ne. Idan kusurwar na gaba da ta na baya sun yi daidai, kuma kunnuwan da ke riƙe su a kan farfela suna kan layi ɗaya, na biyu yana warware abin da na farko ya ƙulla: inda wancan ya ƙara sauri, wannan ya rage. Aksil sai ya karɓi juyi mai santsi. A nan gizo ke saƙar. Ba wai farfela ta miƙe sambal ake nema ba, daidaito tsakanin kusurwoyin biyu ake nema.

Ƙa'idar da Spicer ke bai wa makanikai guda uku ce. Kusurwar kowane kuros kada ta gaza rabin digiri, domin in ta zama sifili allurai ba za su birgima ba, sai su yi ta dukan wuri ɗaya har su huda shi. Bambanci tsakanin na gaba da na baya kada ya wuce digiri 1. Sannan an fi so kowace kusurwa ta tsaya a digiri 3 ko ƙasa. Idan ta wuce haka, gudun farfela ne ke yanke hukunci: mai zagaye 3,000 a minti tana jure kusan digiri 6, mai 5,000 kuwa digiri 3 da 'yan kai kawai.

Abin da ɗagawa ke sauyawa

Ba kowace ɗagawa ce ke taɓa farfela ba. Idan bodi kawai aka ɗaga daga kan shasi, inji da giyabos da aksil duk suna inda suke, kusurwa ba ta motsa ba. Matsalar tana zuwa ne idan an nisanta shasi daga aksil, ta hanyar ƙara ganyen sifirin, ko saka sifirin mai zurfin lanƙwasa, ko cusa bulo tsakanin sifirin da aksil, ko tsawaita shakul ɗin da ke riƙe wutsiyar sifirin.

Lissafin ba shi da wuya. A farfela mai tsawon mita 1.2, ɗagawar santimita 5, wato inci 2, tana ƙara mata gangare na kusan digiri 2.4. Santimita 10 na ƙara kusan digiri 4.8. Idan farfelar gajeriya ce mai santimita 70, wannan santimita 10 ɗin ya haura digiri 8. Shi ya sa ɗagawa iri ɗaya take lafiya a wata mota, ta zama fitina a wata.

Dogon shakul yana da nasa sharrin daban. Yana tura wutsiyar sifirin ƙasa, sai aksil ɗin ya ɗan murɗa, hancinsa, wato wurin da farfela ke shiga, ya kalli sama. Kusurwar baya ta ragu, ta gaba ta ƙaru, daidaito ya tafi. Bulo kuma yana ƙara wa aksil damar murɗa sifirin lokacin da aka taka wuta, hancin ya ɗaga ya dawo.

Yawancin akori-kura masu ƙofa huɗu na zamani, irin su Hilux da Ranger, farfelarsu ta baya gida biyu ce, da boris a tsakiya wanda ke ɗaure jikin shasi. Idan aka ɗaga mota, rabin gaba yana nan inda yake, rabin baya ne ke kwasar duk gangaren. Wannan shi ke kawo karkarwar nan ta lokacin tashi daga tsaye, wadda ke ɓacewa da mota ta ɗan ɗauki gudu.

A gaba labarin ya bambanta. A Hilux ta zamani mai jan ƙafa huɗu, kowace tayar gaba tana motsi ita kaɗai, kuma akwatin da ke raba musu juyi yana jikin shasi. Saboda haka farfelar gaba ba ta sauya kusurwa, sai dai gajerun shaf biyu da ke zuwa tayoyi, waɗanda robarsu ke saurin yagewa idan gangaren ya yi yawa. Land Cruiser 79, wadda aka sani a hanyoyin Agadez, aksil ɗinta na gaba guda ne, don haka ita farfelar gaba ma tana shiga lissafi.

Yadda waya ta san karkata

A cikin kowace wayar zamani akwai wata 'yar sensa da ake kira akselaromita, ba ta kai ƙwayar shinkafa tsawo ba. Ita ce ke juya allo idan an kwantar da waya, ita ce ke ƙirga taku. Tana jin jan da ƙasa ke yi wa komai, kuma tana auna shi ta fuska uku. Daga yadda jan ya rabu tsakanin fuskokin ne manhaja ke lissafa digirin da waya ta karkata. Idan kuma ana jijjiga ta, tana iya faɗin sau nawa ake jijjigar a daƙiƙa ɗaya.

A iPhone, manhajar Measure tana da sashen Level, amma cikakken digiri yake nunawa, babu rabi. Phyphox, wadda jami'ar RWTH da ke Aachen a Jamus ta samar, kyauta ce a Android da iPhone, tana nuna karkata har da ɗigo, tana kuma da sashen Acceleration Spectrum mai rarrabe jijjiga. Kamfanin giyabos na TREMEC shi ma yana da manhaja mai karɓar awo uku ta fitar da kusurwoyin da kanta, don farfela guda mai kuros biyu.

Da farko: farfela ce ko taya?

Kafin a kwance ko noti ɗaya, ya kamata a tabbatar da mai laifi. Kowane abu mai juyawa a mota yana da saurin bugunsa. A ɗauki taya mai lamba 265/65R17, wadda kewayenta ya kai kusan mita 2.44. A gudun kilomita 40 a awa tana zagayawa sau 4.6 a daƙiƙa. Idan aksil ɗin yana da rabon 4.1, wato farfela na zagaye 4.1 kafin taya ta yi ɗaya, to farfela na yin kusan 19 a daƙiƙa. Fizgar kusurwa kuwa sau biyu take zuwa a kowane zagaye, wato kusan 37.

Sai a manna waya a daɓen mota da salatif ko a danne ta da kyau, wani ya tuƙa, wani ya kula da allo. Direba ba ya haɗa tuƙi da kallon waya. Idan tsinin da ya fi tsawo ya fito kusa da 5, taya ce ko rim. Idan kusa da 19 ne, farfela ta lanƙwashe, ko ta rasa balans, ko laka ta daskare a jikinta. Idan kusa da 37 ne, to kusurwa ce ko kunnuwan da ba sa kan layi. Waɗannan lambobin misali ne. Kowa sai ya lissafa da tayarsa da aksil ɗinsa.

Akwai tarko biyu. Waya ba ta iya ganin jijjigar da ta wuce rabin adadin awon da take ɗauka a daƙiƙa. Wadda ke ɗaukar 100 ba za ta ga abin da ya haura 50 ba, shi ya sa aka zaɓi ƙaramin gudu. Na biyu, inji mai silinda huɗu shi ma sau biyu yake bugawa a kowane zagayensa, yana iya sajewa da farfela. Maganin wannan shi ne a sauya giya ba tare da sauya gudun mota ba. In tsinin ya matsa, inji ne. In ya tsaya inda yake, daga farfela zuwa baya ne. Wata alamar kuma, girgizar kusurwa takan ƙaru idan an taka wuta, ta lafa idan an ɗaga ƙafa, alhali ta rashin balans gudun mota kawai take bi.

Ɗaukar awo

Mota ta tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, nauyinta a kan tayoyinta, ba a kan jak ba, domin da an ɗaga ta duk kusurwoyin sun sauya. A kashe inji, a zare makulli, a ja birkin hannu, a sa weji gaba da bayan tayoyi, sannan a bar giya a firi. A jira salansa ta huce. Idan motar kullum da kaya take tafiya, a auna ta da irin wannan kayan, domin Hilux da ke ɗauke da buhun masara goma da wadda take fanko kusurwarsu ba ɗaya ba ce.

A cire wa waya kes. A yi amfani da gefen da babu maɓalli, kada kuma a kwantar da ita ta baya, tudun kyamara zai ɓata awo. Don a gwada gaskiyarta, a ɗora ta a wuri ɗaya a karanta, a juya kanta ya koma inda ƙafarta take a sake karantawa. In lambobin sun bambanta, tsakiyarsu ce gaskiya, kuma a riƙa yin haka a kowane awo.

Wurare uku ake aunawa: layin giyabos, jikin farfela, da layin hancin aksil. Na farfela ya fi sauƙi, a goge bututun a ɗora waya a tsawonsa. Na giyabos da na aksil, sai a ɗan tura motar tun kafin a ja birkin hannu a sa weji, har murfin kuros ɗin da ke kunnen giyabos ya kalli ƙasa sak, a kafa soket na sifana a kan murfin, a ɗora waya a ƙasan soket ɗin. Haka za a yi a ɓangaren aksil. A kowane awo kan wayar ya kalli gaban mota, a kuma rubuta ko layin gangarawa yake zuwa baya ko hawa.

Ƙa'idar lissafin: idan layuka biyu gangarensu fuska ɗaya ne, a ɗebe ƙarami daga babba. Idan sun saɓa, a tara.

Ga misali. Giyabos ya gangara baya da digiri 4, farfela da digiri 9, layin hancin aksil da digiri 1, duk fuska ɗaya. Kusurwar kuros na gaba 9 a ɗebe 4, saura 5. Ta baya 9 a ɗebe 1, saura 8. Bambanci digiri 3 ne, ninki uku na abin da aka yarda da shi. Ko sabon kuros nawa aka saka wa wannan motar, sai ta girgiza.

Hanyoyin gyara

A mota mai ganyen sifirin, ana murɗa hancin aksil da wani siririn ƙarfe mai kauri gefe ɗaya kamar bakin gatari, wanda ake cusawa tsakanin sifirin da mazauninsa a kan aksil. Ana sayar da shi da lambar digiri: 2, 3, 4, har 6. Idan sifirin yana saman aksil, gefe mai kauri ya kalli baya in ana son hanci ya ɗaga. Idan sifirin yana ƙarƙashin aksil, akasin haka ne. Saka shi a juye yana ninka matsalar, gyaran gangar Auzinawa ke nan.

A misalin da ya gabata, mai digiri 2 ya fi mai digiri 3 dacewa. Zai kai hanci digiri 3, kuma tunda hancin ya ɗaga, gangaren farfela zai ragu zuwa kusan 8.5. Gaba ta zama 4.5, baya 5.5. Digiri ɗayan da ya rage da gangan aka bar shi, saboda idan aka taka wuta sifirin na murɗewa, hanci ya ƙara ɗagawa da kansa, kusurwoyin su haɗu a daidai lokacin da ake buƙata.

Na ƙarfe ya fi na alminiyon zubi, wanda kan tsage ya fice. Ya zama kusar tsakiyar sifirin ta ratsa shi ta shige raminta a kan aksil. In ta gaza, a sa mai tsawo. Kada a jera biyu. Maɗauran nan masu siffar U da ke matse sifirin da aksil sababbi ake sakawa, a ɗaure su da ƙarfin da littafin motar ya faɗa, a sake duba su bayan 'yan kwanaki ana hawa.

A farfela mai gida biyu, yawanci boris ɗin tsakiya ake saukarwa ta hanyar sa faranti tsakaninsa da shasi, don a raba gangaren tsakanin kuros uku. A fara da milimita kaɗan, a auna, a gwada a hanya, sannan a ƙara. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Idan ɗagawar ta yi yawa har kusurwoyin sun wuce abin da kuros ke jurewa ko da sun yi daidai, sai a koma farfela mai tagwayen kuros a ɓangaren giyabos. A nan ƙa'idar ta juye gaba ɗaya. Tagwayen suna warware fizgar junansu, saboda haka kuros ɗin baya ba shi da abokin da zai warware tasa. Dole hancin aksil ya kalli farfela kusan kai tsaye, ƙasa da layinta da digiri 1 zuwa 2. Wanda ya yi wa irin wannan farfela lissafin mai kuros biyu, ko ya yi akasin haka, zai sha wahalar banza. Masu motocin da aka shigo da su a ɗage su fara leƙawa su ga wace iri ce a ƙasa.

Sauran abubuwa biyu ba sa buƙatar waya. Kafin a zare farfela a yi mata alama da fenti a kowace mahaɗa, domin in aka mayar da ita haƙori ɗaya a goce, kunnuwa sun bar layi, girgiza ta dawo ko da kusurwa ta yi daidai. Sannan a duba wurin da farfela ke zamewa tana tsawo tana gajarta. Ɗagawa tana zaro shi waje, kuma in abin da ya rage a ciki kaɗan ne, ranar da taya ta faɗa babban rami yana iya ficewa.

Abin da ke bayan girgizar

Wasu sukan saba da karkarwar su ƙara sautin rediyo. Amma a gudun kilomita 100, farfelar misalin nan tana zagaye kusan 2,800 a minti, fizgar kuma tana dukan allurai fiye da sau 90 a kowace daƙiƙa. Dukan ba a kuros yake tsayawa ba. Yana cin boris ɗin wutsiyar giyabos da na hancin aksil, yana buɗe roba mai ya fara ɗiga. Idan kuros na gaba ya karye ana cikin gudu, kan farfela yana iya faɗowa ya caki titi, ko ya yi ta dukan ƙasan mota inda tankin mai da bututun birki suke. Garin neman gira a rasa ido.

Waya tana da iyakarta. Ba ta ganin karkatar da ke gefe da gefe, wadda sai an kalli mota daga sama ake lura da ita, kuma ba ta gyara farfelar da ta lanƙwashe. Wanda ke wannan aiki kullum, ƙaramin ma'aunin kusurwa mai maganaɗisu ya fi masa. Yanke mazaunin sifirin a sake walda shi kuwa aikin gwani ne. Amma mai motar da ya shiga gareji da lambobi uku a rubuce ya san abin da zai ce wa maigidan garejin, shi ma makanikin ya huta da canke.

Mafi arhar mataki shi ne wanda ake ɗauka tun kafin a taɓa motar. Kamar yadda mai hankali ke ajiye bakof kafin ya yi wa waya filashin, haka ya kamata a shiga ƙasan mota tana yadda kamfani ya ƙera ta, a ɗauki awon nan uku, a auna tsayi daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, a ɗauki hoton allo a ajiye. Aikin bai wuce minti 15 ba. Bayan an ɗaga, a sake aunawa a kwatanta, nan take za a ga digiri nawa ya goce da kuma wurin da ya goce.